Rijiyar kamfani da kofin yara: sadaka ce ko talla?

Tambayar takan taso ne ranar da aka yanke ƙyalle. Wani kamfani ya haɗa hannu da ƙungiyar agaji sun haƙa rijiyar burtsatse a unguwa, an ɗora tanki a kan ƙarfe an shafe shi da fenti mai launin kamfanin, an gayyato mai unguwa da 'yan jarida, an murɗa famfo ruwa ya zubo ana tafi. Ko kuwa an shirya wa 'yan sakandare gasar ƙwallo, kowane yaro da riga mai tambarin lemo ko na layin waya a ƙirji. Kafin a naɗe tabarmi mutane sun rabu biyu. Wasu na cewa Allah ya saka da alheri, abin da ya gagari gwamnati ne ɗan kasuwa ya yi. Wasu kuma na cewa ruwa ba ya tsami banza: ko haraji ake gudu, ko wani laifi ake wankewa.

Kowane ɓangare ya riƙo wani abu na gaskiya, sai dai mudun da suke awo da shi ba na wannan hatsin ba ne. Mu mun taso mun san shayar da ruwa sadaka ce mai gudana. Ɗan Islamiyya ma ya ji labarin Sayyidina Usmanu da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Idan aka auna kamfani da wannan mudu, ko a yi masa yabon da bai cancanta ba, ko a kira shi munafuki. Abin da ke tsakanin kamfani da ƙungiyar agaji ciniki ne, da takarda da sa hannu da wa'adi. A ciniki kuwa abin tambaya shi ne wa ya samu me, wa ya biya, kuma har zuwa yaushe.

Mutum uku ne a cinikin

Kamfani na da kuɗi, amma bai san yadda ake gwajin ƙasa kafin haƙa ba, bai kuma san yadda ake shawo kan gari guda ya gina masai ba. Hukumomi da ƙungiyoyi irin su UNICEF da WaterAid suna da ƙwarewa da suna mai kyau, kullum kuma suna neman mai biya. Na ukun ita ce al'umma: ita ke da ƙishirwa, ita ke ba da fili, 'ya'yanta ake ɗauka a hoto, ita ce kuma sau da yawa ba ta ganin takardar da aka sa wa hannu.

Kuɗin na fitowa ta ƙofofi daban-daban. Akwai kamfanin da ke kafa gidauniyarsa, kamar MTN a Najeriya da ke ware har kashi 1 cikin ɗari na ribarsa bayan haraji don ayyukan gidauniya. Akwai mai miƙa kuɗi dunƙule, kamar bankin HSBC da ya ware dala miliyan 100 a 2012 don shirin ruwa na shekara biyar, WaterAid na cikin waɗanda suka karɓa, Najeriya da Gana na cikin ƙasashen da aka yi aikin. Akwai mai ba da hajarsa: tun 2004 kamfanin P&G ke raba wani ɗan ƙunshin hoda mai tace lita 10 ta ruwa mai dauɗa.

Ƙofar da ta fi rikita mutane ita ce ta "saya ka taimaka". Asalinta Amurka ne. A 1983 kamfanin American Express ya yi alkawarin ba da santi ɗaya (kashi ɗaya cikin ɗari na dala) duk sa'ad da aka yi sayayya da katinsa, don gyara shahararren mutum-mutumin 'yanci na New York. An tara kusan dala miliyan 1.7, amfani da katin kuma ya ƙaru sosai, sai sauran kamfanoni suka gane hanya. Salon ya iso har ƙasar Hausa. Kamfanin ruwan kwalba na Volvic ya haɗu da UNICEF a kan taken lita ɗaya a madadin goma: ka sayi lita ɗaya a Turai ko Japan, a samar da lita goma a Afirka. Cinikin Jamus ya tafi Habasha, na Faransa ya zo Nijar daga 2006, na Japan ya tafi Mali. Ba wai ana loda ruwa a jirgi ba ne. Wani ɗan kaso na kuɗin ake ba da wa a haƙa rijiyoyi, sai a ƙiyasta ruwan da za su bayar cikin shekaru. Ke nan lita goman nan alkawari ne da ke rataye a wuyan famfo. Ranar da famfon ya tsaya, lissafin ya tsaya, ko da tallar na nan a jikin kwalba. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Maganar gudun haraji

Wannan ce zargin da aka fi yi a majalisar shayi, kuma lissafi bai goyi bayansa yadda ake faɗa ba. Dokar harajin kamfanoni da Najeriya ta daɗe tana aiki da ita, kafin a maye gurbinta a 2026, ta ba da dama a cire gudummawar da aka bai wa wasu hukumomi da ƙungiyoyin da aka amince da su daga ribar da za a yanka wa haraji, muddin ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari na ribar ba. A ɗauka babban kamfani ne mai biyan kashi 30 cikin ɗari. Idan ya ba da naira miliyan 100, harajinsa zai ragu da miliyan 30. Miliyan 70 daga aljihunsa suka fita. Babu ɗan kasuwar da zai zubar da saba'in don ya tsira da talatin, sai in akwai wata riba a wani wuri.

Amma a dubi miliyan talatin ɗin da kyau. Kuɗi ne da da baitulmali za su shiga. Don haka rijiyar da aka rubuta wa sunan kamfani, jama'a ma na da hannun jari a cikinta, suna da bakin tambaya ba tare da an ce sun raina kyauta ba.

To ina ribar take?

Ta farko suna ne, wannan kowa ya sani. Ta biyu kasuwa ce, kuma kamfanonin ba sa ɓoyewa. Ranar wanke hannu ta duniya da ake yi kowace 15 ga Oktoba tun 2008, masu yin sabulu irin su Unilever na cikin waɗanda suka assasa ta. Yaron da ya koyi wanke hannu da sabulu ya tsira daga gudawa, gidansu kuma ya zama mai sayen sabulu. A ganina wannan ne ciniki mafi tsabta a cikinsu duka, domin ribar kamfani da lafiyar yaro hanya ɗaya suka bi.

Ta uku ta fi nauyi: ruwan kansa. Kamfanin lemo, da na giya, da na ruwan kwalba, duk daga ƙasa ɗaya suke zuƙa da maƙwabtansu. A ƙauyen Plachimada na jihar Kerala a Indiya, mazauna sun yi ta zaman dirshan suna cewa masana'antar Coca-Cola ta ƙafar musu da rijiyoyi ta kuma gurɓata su. Kamfanin ya musanta, amma a 2004 masana'antar ta daina aiki. A 2007 kamfanin ya yi alkawarin mayar wa ƙasa da al'umma kwatankwacin ruwan da yake zubawa a kwalabensa, a 2009 kuma gidauniyarsa ta ƙaddamar da shirin samar da ruwa mai suna RAIN a Afirka da dala miliyan 30, aka ƙara daga baya ya kai miliyan 65. A 2021 suka sanar cewa shirin ya kai ga mutum miliyan 6 a ƙasashe 41.

Masu suka na da hujja biyu da ba a iya turewa da sauƙi. Ɗaya, lissafin mayar da ruwan bai haɗa da ruwan da gonar rake ke sha kafin a samu sukari ba, alhali shi ya fi yawa. Biyu, ruwa ba kuɗi ba ne da za a cira a Kano a mayar a Kalaba a ce an biya. In masana'anta ta sa rijiyoyin unguwarku sun yi ƙasa, burtsatsen da aka haƙa a wata jiha bai cika miki tulu ba.

Me ya haɗa ƙwallo da famfo?

Taro. Kira samari ka ce za a yi lacca a kan wanke hannu, ka ga ko mutum goma za su zo. Ajiye ƙwallo da raga, gari zai fito. Ƙungiyoyin agaji sun daɗe da gane haka, suna cusa darasin tsabta a tsakanin atisaye. Kamfanin fasahar ruwa na Xylem ya ƙulla da Manchester City a 2018 a kan wannan tunani, gidauniyar gasar tanis ta Wimbledon kuma tana tallafa wa WaterAid. Barcelona ma ta taɓa juya al'ada a 2006: maimakon a biya ta ta sa tambari a riga, ita ta sa sunan UNICEF a ƙirji tana kuma biyan yuro miliyan 1.5 duk shekara. Bayan wasu shekaru aka mayar da sunan baya, aka bai wa masu biya gaban rigar.

A Najeriya tallafin wasannin yara ya girmi wannan yayi. Makarantar ƙwallo ta Pepsi, wadda koci Kashimawo Laloko ya assasa a 1992, ta reshenta na Jos Mikel Obi ya fito. Gasar Shell Cup ta 'yan sakandare ta fara a 1998, ta ƙwallon kwando ta Milo kuma a 1999. Ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da wasannin makarantun gwamnati suka yi sanyi, filayen wasu makarantun ma an yanka an gina shaguna.

Sai dai iyaye su san abu biyu. Mikel ɗaya ne cikin dubbai. Amfanin gasar ga sauran yaran shi ne koci, da motsa jiki, da yammacin da ba a ɓata a bakin kwata ba, kuma wannan ya isa amfani, ba sai an yi musu mafarkin Turai ba. Na biyu, mai tambarin da ke ƙirjin yaro yana renon mai saye ne na shekara arba'in masu zuwa. In abin da yake sayarwa lemo ne mai zaƙi, to likitoci na da magana: Najeriya da kanta ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, ana kafa hujja da ciwon sukari da ƙiba. A shekarar ce Cristiano Ronaldo ya zauna gaban 'yan jarida a gasar Turai, ya ture kwalaben Coca-Cola biyu gefe ya ɗaga gorar ruwa. Daƙiƙa kaɗan ne, amma ya faɗi abin da ƙwararru ke rubuta takardu a kai.

Akwai kuma kuɗin giya da na caca, waɗanda ke da yawa a harkar ruwa da ta ƙwallo. Guinness na da shirin samar da ruwa a Najeriya, kamfanonin caca kuma suna ɗaukar nauyin gasa da kulob. A garin da Hisba ke rufe shagunan caca, karɓar rigar wasa mai tambarin caca ba ƙaramar magana ba ce. Hukunci na malamai ne. Abin da ya rage wa shugabannin gari shi ne su tambayi tushen kuɗin tun kafin a kafa allo, kada sai an gama a zo ana goge fenti.

Lilon da ya kamata ya shayar da Afirka

Wanda ke son ya ga yadda kyakkyawar niyya da kuɗi da talla ke haɗuwa su haifi asara, ya dubi PlayPump. A Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro shi: lilo ne mai juyawa da aka haɗa da famfo. Yara na wasa suna juya shi, ruwa na hawa tanki. A jikin tankin akwai alluna, wasu na saƙon lafiya, wasu na haya ga kamfanoni, da kuɗin tallar za a riƙa gyara. Wasa, ruwa, kasuwanci, duk a tukunya ɗaya. Wa zai ƙi? A 2006 uwargidan shugaban Amurka, Laura Bush, ta sanar da tallafin dala miliyan 16.4 daga gwamnati da gidauniyoyi, da burin kafa guda 4,000 kafin 2010.

Kowane ɗaya na cin dala 14,000, ninkin kuɗin famfon tuƙa-tuƙa sau da dama. Da aka fara bibiya sai gaskiya ta fito. Lilon na da nauyi, domin ƙarfin da ake sawa wajen ɗago ruwa yake tafiya, yara kan gaji su watse. Lokacin da gida ke buƙatar ruwa, wato da asuba da yamma, ba shi ne lokacin da yara ke wasa ba. A Mozambik an ga mata, har da tsofaffi, suna tura lilon yara don su samu na girki. A 2009 jaridar Guardian ta Birtaniya ta yi lissafi cewa kafin famfo ɗaya ya shayar da adadin mutanen da aka yi alkawari, sai yara sun yi wasa awa 27 a rana. Kamfanoni ba su ga amfanin talla a ƙauyen da babu masu saye ba, kuɗin gyara bai shigo ba. In ya lalace babu makanikin gari da ya san kansa, babu kayansa a kasuwa. Mafi ciwo, a wasu wuraren famfon tuƙa-tuƙa mai aiki aka cire aka sa shi. A 2010 ƙungiyar da ke tallata shi a Amurka ta naɗe tabarmarta.

Ba wanda ya ce sata aka yi. Abin da ya faru shi ne an zaɓi abin da ya burge mai bayarwa, ba a tambayi matar da za ta ɗebo ba.

Namu lilon shi ne burtsatse mai sola da ya mutu. Wani binciken Bankin Duniya na 2017 ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na wuraren ɗiban ruwa a Najeriya na daina aiki tun a shekarar farko. Dalilan sanannu ne ga duk wanda ya zauna a ƙauye: an haƙa da damina ba a kai zurfi ba, rani na yi ya ƙafe, ɗan kwangila ya sa bututu marar kauri, an sace farantin sola, injin ya ƙone ba kuɗin sabo, kwamitin da aka naɗa ranar buki bai sake zama ba. Kasafin kamfani na shekara ɗaya ne zuwa uku, rijiya kuwa ana so ta yi ashirin. Rahoton shekara na ƙirga mutanen da "aka kai wa ruwa" ranar buɗewa, ba kasafai ake komawa a rage waɗanda suka koma rafi ba.

Masai ba shi da mai so

Ruwa na da kyau a hoto. Ramin masai kuwa babu daraktan da ke son sunan kamfaninsa a ƙofarsa, in ban da masu sayar da maganin wanke ban ɗaki irin su Harpic da Domestos. Alhali nan ciwon yake. Ƙididdigar da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta yi da Hukumar Ƙididdiga da UNICEF a 2021 ta nuna mutum miliyan 48 na bahaya a fili a Najeriya, kuma kashi 10 cikin ɗari ne kawai ke da ruwa da ban ɗaki da wurin wanke hannu a haɗe. A shekarar kwalara ta kashe fiye da mutum 3,600, Bauci da Jigawa da Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ruwa mai tsabta da aka ɗebo a jarka marar murfi, aka bi da shi ta lungun da yara ke tsuguno, bai isa gida da tsabtarsa ba.

Gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a wannan fanni a 2018, ta sa 2025 a matsayin shekarar daina bahaya a fili, wa'adin ya gagara aka matsa zuwa 2030. Jigawa ce ta fara kai wa ga matsayin a 2022, kuma ba da allon kamfani ta kai ba. Aikin gida-gida ne na shekaru: gwamnatin jiha, da UNICEF, da hakimai da limamai, magidanta kuma suka haƙa nasu da kuɗinsu.

Abin da ya rage wa mai unguwa

Mutum miliyan 6 na RAIN a nahiya guda cikin shekara goma sha biyu abin a yaba ne. Amma a Najeriya kaɗai kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da ruwan sha na kusa mai tsabta, wato sama da mutum miliyan 60. Duk kamfanonin ƙasar nan in sun haɗu ba za su maye gurbin matatar ruwa ta Tamburawa da ke Kano da bututun da ya kamata ya kai ruwanta gidaje ba. Haɗarin shi ne shugaban ƙaramar hukuma ya zo buɗe rijiyar kamfani, ya yi jawabi, ya ɗauka ya sauke nauyi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince tun 2010 cewa ruwa da tsabtar muhalli haƙƙi ne, haƙƙi kuwa a wurin hukuma ake bin sa. Indiya ta zaɓi ta tilasta: dokarta ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin ɗari na ribarsu a ayyukan al'umma. Najeriya ba ta da doka ta gama-gari irin wannan, sai a harkar man fetur, inda dokar 2021 ta ce a ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwa don garuruwan da ake haƙo man.

Garin da aka zo wa da tayi ba sai ya ƙi ba, da babu gara ba daɗi. Amma yana da damar ya yi ciniki. Wa ya zaɓi wurin, an tambayi matan da ke aiken yara ɗiban ruwa? An sanar da hukumar ruwan karkara ta jiha, RUWASSA, ta sa rijiyar a littafinta? Injin da za a sa, ana samun kayansa a kasuwar kusa? Nawa za a karɓa a jarka, wa zai riƙe kuɗin, a wane asusu? Mutane kan ji haushin a ce su biya ruwan da aka ce kyauta ne, amma 'yan nairorin nan su ne kuɗin makaniki a shekara ta uku. 'Yan ga-ruwa ma a sa su a lissafi, domin ko dai sabuwar rijiyar ta rage musu tafiya, ko ta kashe musu kasuwa, kuma su ne suka fi kowa sanin ranar da famfo ya fara tari.

Akwai kamfanin da ya taɓa biyan kuɗin wannan ɓangaren da ba a yanka masa ƙyalle. A 2012 Google ya bai wa ƙungiyar agaji mai suna "charity: water" dala miliyan 5 don ta ƙera 'yan na'urori ta maƙala a jikin famfunan ƙauye, su riƙa aika saƙo a kan yawan ruwan da ke fita. In ruwa ya tsaya, a ofis za a gani, a tura makaniki.